Zotero a hannun mai binciken harkar ilimi: inda take rage wahala da inda take buƙatar sa ido

Duk wanda ya riƙi binciken harkar ilimi a matsayin sana'a, rayuwarsa ta aiki tana tafiya ne a cikin rubuce-rubucen wasu. Kundin digiri na biyu, kundin digiri na uku, maƙalar farko da mujalla ta karɓa, takardar neman tallafin bincike, takardun neman ƙarin girma, sannan kundayen ɗaliban da zai duba nan gaba, dukkansu suna neman ya faɗi inda ya samo magana, ya faɗe shi daidai, kuma cikin salon da aka gindaya masa. A fannin ilimi galibi salon APA ne, wato tsarin rubuta madogara na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, wanda bugunsa na bakwai ya fito a ƙarshen 2019. Manhajar Zotero an yi ta ne don wannan aiki, kuma hukuncinmu a kanta shi ne ta cancanci mutum ya gina taskar karatunsa ta tsawon rai a cikinta. Sai dai akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi shafar mai binciken ilimi fiye da likita ko masanin kimiyyar sinadarai.

An fara sakin Zotero a 2006 daga wata cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar George Mason da ke Amurka. A lokacin a cikin burauzar Firefox kawai take zaune. Daga 2017 ta koma manhaja mai cin gashin kanta gaba ɗaya, a 2022 aka saka mata wurin karanta PDF da yin alama a kansa, a 2024 kuma siga ta bakwai ta fito da sabuwar fuska da damar karanta littattafan lantarki na tsarin EPUB. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba ce ke kula da ita, kyauta ake sauke ta, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake tunanin shekaru masu yawa a gaba. Mendeley, wata manhaja mai irin wannan aiki wadda kamfanin Elsevier ya saya a 2013, ta daina ba da tsohuwar manhajarta ta kwamfuta a 2022, masu amfani da ita suka koma koyon sabuwa. EndNote, wata takwararsu, kuma ta kuɗi ce, kuma wanda yake amfani da lasisin jami'arsa zai iya rasa ta ranar da ya sauya wurin aiki. Taskar Zotero tana kan kwamfutarka, tana aiki ko babu intanet, kuma kana iya fitar da komai a tsarin fayil na RIS ko BibTeX, waɗanda sauran manhajoji irinta ke karantawa, duk ranar da ka ga dama.

Kayan aikin kashi uku ne, kuma sai an haɗa ukun. Akwai manhajar kanta da ake girkawa a Windows ko Mac ko Linux. Akwai ɗan maɓallin da ake maƙalawa a burauza, Chrome ko Firefox ko Edge ko Safari, wanda shi ke kwaso bayanan takarda daga shafin da kake kai. Akwai kuma abin da ke shiga cikin Word ko LibreOffice ko Google Docs, wanda ke saka madogara a cikin rubutu ya jera manazarta a ƙarshe. Mafi yawan masu cewa manhajar ba ta yi musu aiki ba, kashi na farko kawai suka girka, suka zauna suna shigar da komai da hannu.

Idan maƙalar mujalla ce mai lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba maƙala a intanet, aikin yana da daɗi ƙwarai. Ka buɗe shafin maƙalar a wurin mawallafinta, ka danna maɓallin burauza, sunan marubuta da shekara da take da juzu'i da lamba da shafuka su shigo, tare da PDF ɗin idan kana da izinin buɗe shi. Ko kuma ka manna DOI ko ISBN, lambar shaidar littafi, a gurbin da ke da alamar sandar tsafi a saman manhajar, ta nemo sauran da kanta. Idan PDF ne ka riga ka tara a kwamfuta, ka jawo su ka zuba, za ta leƙa shafukan farko ta yi ƙoƙarin gano ko wace maƙala ce. Tana kuma iya nemo kwafin da aka saki kyauta ta hanyar Unpaywall, hidimar da ke nuna inda ake samun maƙalu kyauta. Wani abu da ya cancanci yabo shi ne tun 2019 take duba taskarka da jerin Retraction Watch na maƙalun da aka janye, ta yi jan gargaɗi a kan duk maƙalar da mujallarta ta janye, ta sake gargaɗinka idan ka zo kafa hujja da ita. Gargaɗin yana aiki ne kawai ga abin da ke da DOI ko lambar PubMed, ma'ajiyar maƙalun fannin lafiya.

To ga sharaɗin. Madogarar mai binciken ilimi ba maƙalun mujalla ba ne kaɗai, sau da yawa ma ba su ne suka fi yawa ba. Yana aiki da rahotannin UNESCO da UNICEF da Bankin Duniya, da takardun manufofin ma'aikatun ilimi, da kundin tsarin karatu, da rahoton hukumomin jarrabawa, da kundayen digiri da ba a buga ba, da takardun da aka gabatar a taro. Yawancinsu ba su da DOI. Wasu hoton shafi ne kawai aka ɗauka aka mai da PDF, babu rubutun da na'ura za ta iya karantawa a ciki, kuma Zotero ba ta zo da abin da ke mai da hoto rubutu ba. Idan ka danna maɓallin burauza a kan irin waɗannan, sau da yawa za ta adana su a matsayin shafin intanet, ba marubuci, ba shekara, take kuma ya haɗe da sunan shafin. Ba za ta faɗa maka cewa da gyara ba. Ranar da ka jera manazarta za ta zuba maka abin da ka ba ta, kuma za ta zuba shi cikin tsari mai kyan gani da zai sa ido ya wuce bai lura ba.

Saboda haka aikin gaskiya yana wurin shigarwa, kuma minti ɗaya ne ko biyu a kan kowace takarda. Fara da nau'in takardar, domin shi ke yanke yadda za a rubuta ta. Rahoto a mai da shi rahoto, a cika lambarsa da sunan cibiyar da ta fitar da shi. Kundin digiri a mai da shi kundi, a rubuta ko na digiri na biyu ne ko na uku, da sunan jami'ar. Babi a cikin littafin da aka tattara a saka shi a matsayin sashen littafi, a bambanta marubucin babin da editan littafin, domin idan aka bar su duka a matsayin marubuta, sunan editan zai fito a cikin rubutu kamar shi ya yi maganar.

Sai sunan marubuci idan hukuma ce. Gurbin suna yana da fuska biyu, mai gida biyu na sunan mahaifi da sunan yanka, da mai gida ɗaya. Sunan hukuma a gida ɗaya yake shiga. Idan aka bar shi a gida biyu, manhajar za ta ɗauki kalmar ƙarshe a matsayin sunan mahaifi ta gajarta sauran zuwa haruffa, sai ka ga Bankin Duniya, wato World Bank, ya koma wani mutum mai suna Bank, W. A salon APA, idan hukumar da ta rubuta ita ce ta buga, ba a maimaita sunanta, don haka sai ka bar gurbin mawallafi babu komai. Akwai kuma abin da manhajar ba ta iya yi da kanta, wato rubuta cikakken sunan hukuma a ambato na farko sannan ta koma gajeren suna a na gaba. Wannan sai dai ka rubuta cikakken sunan a cikin jimlarka, ka sa ta ɓoye marubuci ta fito da shekara kawai.

Batun manya da ƙananan baƙaƙe a take shi ya fi cin lokacin masu amfani da APA. Salon yana son taken maƙala da na littafi su zo kamar jimla, harafin farko babba, sauran ƙanana in ban da sunaye. Mawallafa da yawa kuwa suna aiko da take kowace kalma da babban harafi. Zotero tana iya ɗaga ƙananan baƙaƙe su zama manya idan wani salo ya nema, amma ba ta iya sauke su ba tare da kuskure ba, domin ba ta san wace kalma ce sunan ƙasa ko na mutum ba. Hanyar da ta dace ita ce a adana kowane take a tsarin jimla tun farko. Ka danna dama a kan taken, ka zaɓi mai da shi jimla, sannan ka bi da hannu ka ɗaga sunaye irin su Piaget ko Montessori ko Kenya da ta sauke. Idan takardar ba da Ingilishi aka rubuta ta ba, ka cika gurbin harshe da gajeren lambarsa, fr ga Faransanci, ar ga Larabci, don kada ta yi wa taken ƙa'idar Ingilishi.

Fannin ilimi yana yawan komawa ga tsofaffin ayyuka da aka sake bugawa ko aka fassara. Wanda ya karanta sabon bugun littafin masanin falsafar ilimi John Dewey na 1916 yana buƙatar shekaru biyu su fito, ta asali da ta bugun da ke hannunsa. Idan ba ka ga gurbi na musamman don wannan ba, akwai gurbin ƙarin bayani a can ƙasa mai suna Extra. Ka rubuta Original Date: 1916 a ciki, salon APA zai fito da shekarun biyu yadda ya kamata. Mutane da yawa suna shekaru da manhajar ba su san da wannan ba.

Ma'ajiyar ERIC, wadda gwamnatin Amurka ta kafa a 1966 kuma ita ce babbar ma'ajiyar rubuce-rubucen ilimi, tana aiki da Zotero lafiya. Idan kana kan shafin sakamakon bincike, maɓallin burauza zai koma alamar folda, ka zaɓi waɗanda kake so ka kwaso su gaba ɗaya. A ERIC lambar da ta fara da EJ ta maƙalar mujalla ce, wadda ta fara da ED kuma ta rahoto ko takardar taro ko makamancinsu. Na EJ sukan shigo ba tare da DOI ba a wasu lokuta, don haka ya fi kyau a bi su zuwa shafin mujallar a kwaso daga can. Na ED kuwa a duba nau'insu ɗaya bayan ɗaya, a kuma tabbatar lambar ta shiga. ERIC tana turo kalmominta na rarraba batutuwa su zama lakabi a taskarka. Suna da amfani ga wanda yake bitar ayyukan da suka gabata, amma idan ana kwasowa daga ma'ajiyoyi da yawa, lakabin kan taru su kai dubbai har su rasa amfani. Ana iya kashe shigowarsu a wurin saituna.

Wajen tsara taska, abu guda ya kamata a fahimta. Rukunan da kake ƙirƙira a gefen hagu ba folda ba ne irin na kwamfuta. Takarda ɗaya tana iya zama a rukunin babi na biyu na kundi, ta kuma zauna a rukunin wata maƙala, alhali kwafi ɗaya ce. Cire ta daga rukuni bai share ta ba, amma jefa ta kwandon shara ya cire ta daga ko'ina, kuma kwandon yana zubar da abin da ya kwana talatin a ciki. Ana iya ba lakabi har tara launi, kowanne da lambarsa a kan allon rubutu, kuma wannan ya isa a bambanta abin da aka karanta da wanda ba a karanta ba, ko binciken ƙididdiga da na hira da lura.

Wurin karanta PDF ɗin yana daga cikin abin da ya fi burge mu. Kana shafa launi a kan jimla, ka rubuta sharhinka a gefe, sannan ka sa ta tattara duka cikin takardar rubutu guda, kowace magana da marubucinta da shekara da shafi, kuma danna ta zai mai da kai daidai inda ka ɗauko ta. Ga mai rubuta babin bita wannan kariya ce daga satar fasaha ta rashin sani, wadda ke faruwa idan bayan wata shida mutum ya kasa tuna wace jimla ce tasa wace ce ya kwafo. A sani cewa alamomin suna zaune ne a cikin ma'ajiyar manhajar, ba a jikin fayil ɗin ba, don haka wanda zai aika wa abokin aiki PDF da alamominsa sai ya fitar da shi ta hanyar da aka tanada. Haka kuma binciken cikin rubutu, a yadda aka saita shi tun asali, shafuka 100 na farko kawai yake karantawa a kowane fayil. Kundin digiri na uku ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma babin sakamako da na tattaunawa suna bayan shafi na 100. Wanda ya tara kundaye ya ɗaga wannan adadi a saituna ya sa ta sake karantawa.

A cikin Word ne ake samun matsalolin da ke tayar da hankali, kuma kusan dukkansu suna da sanadi sananne. Kowane ambato da manhajar ta saka ba rubutu ba ne zalla, akwai ɓoyayyen bayani a bayansa da ke haɗa shi da taska. Idan ka gyara ambato da hannu, ko dai gyaran ya ɓace a sabuntawa ta gaba, ko ambaton ya daina sabuntuwa. Lambar shafi, da kalmomin da ke zuwa kafin suna ko bayan shekara, duk a cikin akwatin saka ambato ake rubuta su. Kuskuren suna ko shekara kuma a taska ake gyara shi, sannan a danna Refresh, maɓallin sabuntawa. Idan aka buɗe fayil ɗin a wata manhajar rubutu aka adana, misali aka ɗora na Word a Google Docs kai tsaye, ɓoyayyen bayanin yana iya mutuwa, ambato ya koma rubutu kawai. Akwai hanyar ƙaura da aka tanada a cikin saitunan takardar, ita za a bi. Wannan yana yawan faruwa idan kundi yana kai da komo tsakanin ɗalibi da mai duba aikinsa, don haka ɗalibi ya riƙe kwafi guda a matsayin uwa, ya riƙa shigar da gyaran malaminsa a ciki.

Idan ka ga marubuci ɗaya ya fito sau biyu a manazarta, ko shekara ta zo da a da b alhali aiki ɗaya ne, to takardar ta shiga taska sau biyu kuma ka ambaci kowacce. Maganinsa haɗe su, ba share ɗaya ba. Akwai wurin da ke nuna tagwayen takardu da maɓallin haɗewa, kuma haɗewa tana kiyaye duk ambaton da aka riga aka yi. Sharewa kuwa tana barin ambato maraya a cikin kundi, wanda gyaran taska ba zai ƙara isa gare shi ba. Idan kuma haruffan sunan yanka suka fara fitowa a cikin rubutu ba ka nema ba, duba yadda aka rubuta sunan mutumin a takardunsa daban-daban. An rubuta shi cikakke a wata, an gajarta a wata, sai manhajar ta ɗauka mutum biyu ne take ƙoƙarin bambantawa. Kundi mai ambato ɗaruruwa yana sa ta yi nauyi, musamman a Google Docs, kuma kashe sabuntawa ta kai tsaye yana rage wannan sosai. Kafin miƙa aiki ga mujalla, a yi kwafi, a danna Unlink Citations, wanda ke yanke alaƙar ambato da taska, a kan kwafin kaɗai. Wannan mataki ba ya komawa baya, kuma mujalla za ta dawo da gyara, ko ta ƙi karɓa a nufi wata mai salo daban. Da kwafin da ke da rai, sauya salo daga APA zuwa Chicago ko Harvard aikin daƙiƙoƙi ne, kuma ma'ajiyar salonta ta haura dubu goma.

Ajiyar intanet tana da fuska biyu da ake yawan rikitawa. Bayanan takardu da sharhi da lakabi ana daidaita su tsakanin na'urori kyauta ba iyaka. Fayilolin PDF kuwa megabait 300 ne kyauta, wanda rahotanni kaɗan masu hotuna za su cinye. Daga nan sai a sayi ƙari, gigabait 2 ko 6 ko marar iyaka, ko a haɗa da ma'ajiyar WebDAV, wato wata ma'ajiyar intanet ta daban da ba ta Zotero ba, wadda ke aiki ga taskar mutum shi kaɗai ban da ta ƙungiya. A taskar ƙungiya, duk fayil ɗin da kowa ya zuba a kan kason mai ƙungiyar ake lissafa shi, abin da shugaban tawagar bincike ya kamata ya sani kafin ya gayyaci ɗalibai goma. Babban kuskure shi ne ɗaukar foldar bayanan Zotero a saka ta cikin Dropbox ko Google Drive ko OneDrive don gudun biyan kuɗi. Fayil ɗin zotero.sqlite da ke ciki ma'ajiya ce da ake rubutu a kanta a kowane lokaci, kuma irin waɗannan hidimomi suna lalata ta. Daidaitawa kuma ba ta maye gurbin kwafin ajiya, domin abin da ka share a nan zai shafe a can. A rufe manhajar, a kwafi foldar gaba ɗaya zuwa wani faifai na waje, a riƙa yin haka a kai a kai.

Akwai ayyuka biyu da bai kamata a ɗora mata ba. Na farko bita mai tsari irin wadda ake bin ƙa'idar PRISMA ta yadda ake ba da rahoton irin wannan bita, inda mutum biyu ke tace dubban takardu kowa shi kaɗai sannan a gwada. Zotero tana da kyau wajen tarawa, amma haɗe tagwaye ɗaya bayan ɗaya take yi, kuma ba ta da wurin tacewar mutum biyu. A fitar da su a RIS a kai manhajojin tacewa irin su Rayyan ko Covidence ko EPPI-Reviewer, wadda aka gina a wata cibiya ta Kwalejin Jami'ar Landan da ta daɗe tana irin wannan bita a fannin ilimi. Na biyu ya fi muhimmanci. Mai binciken ilimi yana riƙe da hirar yara da malamai, da sakamakon jarrabawa mai sunaye, da takardun amincewar iyaye. Manhajar za ta karɓi kowane irin fayil, kuma da zarar an kunna daidaitawa zai hau intanet, a taskar ƙungiya ma kowane mamba zai iya buɗe shi. Waɗannan amana ce da kwamitin ɗa'ar bincike ya gindaya yadda za a adana ta, kuma wurinsu daban ne da taskar karatu.

Ga wanda ya fara buga nasa ayyukan, ya buɗe rukuni guda na abin da ya rubuta, ya riƙa saka kowace maƙala ranar da ta fito, da cikakken juzu'i da shafuka da DOI. Lokacin neman ƙarin girma ko tallafi, zai zaɓe su duka ya fitar da jeri cikin salon da aka nema, ya kuma fitar da su a BibTeX ya ɗora a shafinsa na ORCID, lambar shaida mai gurbi 16 da mujallu da masu ba da tallafi da yawa suke nema yanzu. Manhajar wayar hannu ta iPhone da Android tana da amfani wajen karatu da yin alama, amma saka ambato a cikin kundi aikin kwamfuta ne, kuma gyaran bayanan takardu ma ya fi sauƙi a babban allo.